Garwashin Gwaggo Kulu da Ɗorawar Kimba

Assalamu alaikum, Shafa'atu ɗiyata.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa motar da ta ɗauke ki daga tashar Jega ta sauke ki Kaduna lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Babanki ma yana gaishe ki. Kin san halinsa, tun da aka sa ranar tafiyarki bai ce komai ba sai "to, madalla," ya ɗauki hularsa ya nufi Aliero wajen albasarsa. Amma na gan shi a zaure yana goge ido da bakin riga, kada ki ce masa na faɗa miki.

Da gangan na sa takardar nan a ƙarƙashin ƙunshin daddawa, don na san ki, abin da za ki fara lalubowa a jaka abin ci ne. Kuma ban da yi wa rubutuna dariya. Da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, ga ido hayaƙi ya taɓa shi, shi ya sa layin yake hawa yana sauka.

Shafa, murna ta hana ni zama. Tun ranar da masu injin casar da kike aiki a Maiyama suka ce ke za su tura kwas ɗin kula da muhalli a wurin aiki, kuma in kin dawo ke za ki riƙe ɓangaren mata masu gumi, ban bar kowa ya huta ba. Na faɗa wa mai kayan miya, na faɗa wa mai gyaran takalmi, na faɗa wa wata mata a mota wadda ko sunanta ban sani ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata a bakin durom ina turara shinkafa, hawaye na zuba, zani na warin hayaƙi, yau ɗiyata za a zaunar a koya mata yadda za a yi gumi ba tare da an cinye daji ba. Wallahi in na tuna sai in ji kamar in fita tsakar gida in yi guɗa.

To amma akwai maganar da na riƙe, ban faɗa miki ba don kada in dagula miki shiri. Maganar ɗorawar gonarmu ta ƙauyen Kimba ce, wadda uwata ta bari, wadda kika sha garinta har bakinki ya yi rawaya kina ƙarama. Kin san gonar ta faɗa rabon ƙanena, Kawunki Sani, mu mata namu 'ya'yan itacen ne kamar yadda aka saba. Mai icen da yake kai wa injinku ya je ya zagaye ta. Manyan itatuwan wajen duk sun shige ƙarƙashin durom, kirya da marke da kaɗanya, saura ita kaɗai a tsaye. Da labari ya iso ni, ko mayafi ban gyara da kyau ba na hau mota.

Na iske Kawunki a gonar yana gyaran kunyar gero. Bai iya haɗa ido da ni ba.

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ni ma ba so nike ba. Inuwatta ta hana gero tashi, ga mai icce shina ta zarya. In kaka ta yi, sunka hwara gumi gadan-gadan, sai a sare ta."

Na ce, "In masu gumin Maiyama sunka bar sayen icce hwa?"

Sai ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "In sun bari, wa za ya ɗauko mota har Kimba don icce guda? Sai ta yi zamanta. Amma Yaya, mata su bar icce? Ke ma kin gwada, mun ga wadda tak ƙare."

Maganar ta yi min zafi, don gaskiya ya faɗa. Amma na riƙe shi da bakinsa, na sa ya yi alkawari ba zai bari a sa mata gatari ba sai kin dawo kin gwada naki. Kwas ɗinku zai ƙare kafin kaka. Kin ga ke nan ba takardar shaida kaɗai nake jira ba.

Tun da Kawunki ya tono abin da ya faru da ni, bari in ba ki shi dalla-dalla, don lokacin kina firamare, abin da kika sani kawai shi ne akwai wani murhun ƙarfe a bayan ɗaki da kaza take ƙwai a ciki.

Akwai Malama Rifkatu, mutuniyar Zuru da take aiki a ofishin gona na nan Jega, mace mai fara'a, in ta dawo daga coci ran Lahadi takan biyo ta sayi shinkafa a wurina. Ita ta zaɓe ni daga ƙungiyarmu ta masu gumi aka kai ni wani ɗan gajeren horo a Birnin Kebbi. A can na fara ganin murhun da ake hura shi da buntun shinkafa. Buntun nan dai da yake tsibi-tsibi a bayan kowane inji, wanda ake cinna wa wuta ya yi ta cin kansa yana turnuƙe unguwa! Na ga an zuba shi ta sama, an kunna ta ƙasa, wuta ta tashi fes, durom ya tafasa, ko tsinken ice ba a sa ba. Shafa, sai da na tafa hannu a gaban mutane. Duk hanyar dawowa ina rungume da murhun da aka ba ni, na hana a ɗora shi a saman mota.

Ga inda na fara ɓata abin. An ba mu riga mai rubutu da hula hana-sallah, ni kuwa na ɗora hular a kan ɗankwali na shiga wurin gumi da ita. Mata na zaune, uwar ƙungiyarmu Gwaggo Kulu na tsakiya, wadda ta koya min yadda ake gane shinkafa ta turaru tun ina amarya. Ban je gidanta na gaishe ta ba, ban nuna mata murhun ita kaɗai ba. A tsaye na yi magana, hannu na yawo, ina ta zuba musu sauyin yanayi da kwararowar hamada kamar mai karanta labarai a rediyo. Da na gama, Gwaggo Kulu ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Luba, sannu da zuwa. Wagga hula ta wa ce kika aro?" Wurin ya ɗauki dariya, maganata ta bi iska.

Don haka ki ji ni da kyau. Ranar da kika dawo, kafin ki taka wurin aiki, ki fara zuwa gidan babbar da mata suke jin maganarta. A Maiyama kuwa ba wata ba ce, Gwaggo Kulun ce dai, tun da ta koma wajen ɗanta ita ce uwar masu gumin injinku, kin fi ni sani. Ki je da goro, ki zauna a tabarma, ki gaishe ta har gaisuwa ta ƙare, sannan ki ce kin zo da wani abu kina son ta duba miki. In za a faɗa wa mata, bakinta ya fi naki. Manyan kalmomin da za a koya muku ki riƙe su da kyau, za su yi miki amfani a ofishin mai inji, amma a bakin durom ki yi maganar ido mai ƙaiƙayi da tarin da yake hana barci. Riga da hula kuwa ki kawo min, zan ajiye miki a akwati.

Kuskurena na biyu ma ya fi ban dariya, yanzu dai da ya wuce. Na sa ranar nuna musu murhun. Ban taɓa hura shi da hannuna ba, don a wurin horon a baya na zauna ina kallo, kunya ta hana ni fitowa gaba. Kwana ɗaya kafin ranar an yi ruwa, ni kuma na ɗebo buntu daga saman tsibi, da sanyinsa da komai. Na zuba, na kunna, na yi ta fifita. Wani farin hayaƙi ya taso, wanda ko ɗanyen ice bai taɓa yin irinsa ba. Mata suka watse suna tari, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya, ni ina durƙushe ina busa, majina da hawaye sun haɗu, hular nan ta faɗa cikin ruwan jiƙo. Har yau in na wuce ta unguwar akwai wadda take ce min Luba mai hayaƙi.

Ki zauna a gaba, Shafa. Duk abin da aka nuna muku ki ce a ba ki ki yi da hannunki, ki ɓata shi a can a gaban malamai inda za a gyara miki. Ki tambaye su yadda ake yi da damina, da yadda ake yi in ƙarfen ya ci wuta ya huje, da ko maƙerin Jega zai iya ƙera irinsa. In sun ce kin cika tambaya, ki ce gado kika yi, uwarki ce ta ƙi yi lokacin da ya kamata. In kin dawo kuma ki hura shi ke kaɗai a bayan gida har sai kin iya ko idonki a rufe, sannan ki tara mutane.

To yanzu ga babbar maganar, ita ce ta sa na zauna rubuta wannan doguwar takarda.

Ban haƙura ba bayan abin hayaƙin. Na shanya buntu ya bushe ƙarau, na koyi hurawa, na sake nuna musu. Wannan karon wuta ta kama kyakkyawa, shinkafa ta turaru tas, kowa ta gani da idonta. Suka ce madalla, suka yaba. Washegari kowace ta koma kan icenta. Na yi magana, na yi lallashi, na yi fushi. Na ce taurin kai ne, na ce hassada ce don ni aka zaɓa. Na ɗauke murhuna na kai bayan ɗaki, kaza ta samu gida. Tsakanina da Gwaggo Kulu sai gaisuwar hanya, har ta bar Jega.

Satin da ya wuce, murna ta kai ni Maiyama, na ce ko ba komai sai na faɗa mata da bakina. Na same ta da la'asar a wurin gumi, ta tsufa, idon nan ya yi fari-fari, sai da na yi magana ta gane ni. Muka rungume juna, muka yi dariyar hula. Ana cikin haka aka fara sauke durom, sai na ga mata suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da kasko a hannu, suna kwasar garwashi daga ƙarƙashin murhu. Wata ta janye ƙaramar tukunyar wake da ta ajiye a gefen wuta tun rana. Wata tana tara toka a tsohon kwano.

Gwaggo Kulu ta ji na yi shiru, ta ce, "Luba, mi kika kallo?"

Na ce, "Kasake, Gwaggo."

Ta ce, "Yau kig gane su? Tun muna Jega kowace macce da kaskonta taka zuwa. Da garwashin ga muka dahwa tuwon dare. Tokar kuwa ita muka tacewa mu sa miya, da ita muka wanke kalwa. Murhunki wuta ɗai shika yi, in ta mutu ta mutu, ba shi barin komi. Ba ƙin gaskiya munka yi ba, ɗiyata. Dubi idona, ke ce za ki hwaɗa min sharrin hayaƙi? Amma mu koma gida hannu wohi, ɗiya na jiran tuwo?"

Na ce, "Gwaggo, don mi ba ku hwaɗa min ba?"

Ta ce, "Kin tambaya?"

Shafa, kunya da mamaki suka rufe ni lokaci guda. Shekara da shekaru ina ganin kasaken nan a gefena, ban taɓa tambayar kaina na mene ne ba. Ni babanki yana kawo min kara daga gona, ban taɓa ɗaukar kasko zuwa wurin aiki ba, shi ya sa idona ya tsallake shi. Yawancinsu kuwa zawarawa ne da matan 'yan ci-rani, garwashin nan shi ne wutar gidansu. Ashe abin da na je na ce su bari ba icen gumi kaɗai ba ne.

Saboda haka in kin dawo, kada ki fara da koyarwa. Ki zauna a wurin gumi daga hura wuta har sauke durom na ƙarshe, ki ga abin da kowa take zuwa da shi da abin da take komawa da shi. Duk abin da za ki ce a daina, ki bincika wa yake ci da shi a ɓoye, ki tanadar masa madadi tukuna. Har mai icen nan da nake jin haushinsa, na zauna na yi tunani, shi ma iyali gare shi. Kada ki mai da shi abokin gaba. Motar da take ɗauko ice za ta iya ɗaukar wani abu daban, ki je ki yi magana da shi da ladabi. Mai inji kuma ki nuna masa tsibin buntun da yake ci da wuta kusa da rumbun shinkafarsa, wannan ai ba sai kin yi masa dogon bayani ba.

Yanzu ki gyara zama, ga mai daɗin! Da na dawo daga Maiyama raina a jagule, ranar kasuwar Jega sai ga Malama Rifkatu a layin masu manja. Ta yi ritaya, ta yi furfura, amma fara'ar tana nan. Na ja ta gefe na zayyana mata komai. Ta riƙe baki ta ce ita ma a lokacin ba ta lura da kasake ba. Sannan ta ce min yanzu abin ya ci gaba, akwai yadda ake babbake buntu ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, a kwaɓa shi da ɗan kokon rogo, a dunƙula, a shanya, ya zama kamar gawayi, ya yi garwashi mai daɗewa. Ta ce a irin kwas ɗinku ana koyar da shi. Shafa, a tsakiyar kasuwa na ce Allahu akbar, har mai manja ta ɗauka an yi min sata. Garwashi daga buntu! Kin ga ke nan mace za ta yi gumi ba ice, ta kuma koma gida da abin dafa tuwo a kaskonta.

Ni ban gani da idona ba, ji na yi, don haka ki je ki gano mana. Ko komai zai wuce ki a kwas ɗin nan, kada wannan ya wuce ki. Ki koyi kwaɓin, ki san yawan kokon, ki san yadda ake gane ya bushe. Ki dafa tuwo a kansa ki ga ko yana kai tukunya har ƙarshe. Ki tambaye su maganar toka ma, ko ta buntu tana yin miya, in ba ta yi ba mu san dabarar da za mu yi da karan gero. Gwaggo Kulu da kanta ta ba ni saƙo da zan taso daga Maiyama. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ce ma Shafa ta tambayo masu ilimin, in babu icce da mi za mu dahwa tuwon dare. In ta zaka da amsa, ni ka hwara aje icce, kowa ta biyo ni." Kin ji, tsohuwar da ta yi wa hulata dariya ce take jiran ki.

Sauran nasiha kin san ta, ba sai na cika takarda ba. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, ban da zama da shayi da burodi kamar yadda kika saba. Wadda aka haɗa ku ɗaki, ko daga ina take, ko wane addini take bi, ki zauna da ita lafiya, ki tuna wadda ta fara buɗe wa uwarki ido. In abu ya shige miki duhu a aji kada ki ji kunya, in kuma kin fi wani ganewa kada ki ɗaga kai. Ki kira babanki lokaci-lokaci, zai ce miki yana cikin aiki, amma wayar tana aljihun gabansa tun jiya.

Shekaranjiya na koma Kimba ni kaɗai. Na tarar mai icen ya yi wa ɗorawar sara ɗaya a gindi, alamar tasa ce. Na tsuguna na kwaɓa ƙasa da ruwan butata na shafe wurin, kamar yadda nake shafa miki man kaɗe in kin faɗi kina ƙarama. Na zauna a inuwarta na tuna uwata tana tsaye da ƙugiya tana kaɗo mana, mu muna ƙasa muna tsinta. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka, amma ban tashi daga wurin ba sai da zuciyata ta yi fari, don na san wadda na aika.

Daddawar da take hannunki ta kalwar bana ce, daga ita. Ki sa a miya, ki ba abokan zamanki su ɗanɗana, ki faɗa musu daga inda ta fito. Amma ki rage guda ɗaya ki dawo min da ita. Na riga na wanke tukunyar kalwar baɗi na kife ta a kan rumbu. Ina son ranar da na sauke ta baɗi in ajiye su gefe da gefe, mu kira Gwaggo Kulu ta shinshina ta faɗa mana wadda ta fi.

Allah ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, ya sa albarka a abin da za ki koyo, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya dawo min da ke lafiya kafin a sa lauje a shinkafa. Na yafe miki duniya da lahira, ki tafi da albarkata.

Innarki,
Luba, daga Jega.